Tabon da Korona Ke Bari a Jikin Yara da Matasa

Da wuya a sami ƙauyen da babu wanda ƙyanda ta makantar tun yana ƙarami, ko wanda sanƙarau ya kurumtar, ko wanda shan-inna ta shanye wa ƙafa. Ciwon ya zo ya wuce tun da daɗewa, amma ya bar tabonsa. Saboda haka mutanen karkara ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane cewa tashi daga ciwo daban, warkewa sarai daban.

Cutar korona ma tana cikin cututtukan da kan bar tabo. Sai dai nata tabon ba a ganinsa da ido. Yaro zai tashi daga mura da zazzaɓi, a ce ya sami sauƙi, amma wata biyu ko uku bayan nan sai a ga ba ya iya abin da ya saba. Ba ya kai ƙarshen kunya a gona sai ya zauna. Ana karatu hankalinsa ba ya wurin. A sa masa abinci ya ce wari yake ji. Sau da yawa sai a ce ƙiwuya ce, ko rashin ji, ko kuma a ce iska ce ta taɓa shi. Likitoci sun gano cewa a jikin wasu yara, ragowar korona ce ke jawo haka. Yaron da yake cikin wannan hali magani da haƙuri yake bukata, ba tsawa ko bulala ba.

TUNA BAYA

An fara ganin cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ta shigo Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ta kuma ɓulla a Jamhuriyar Nijar a watan Maris na wannan shekara. Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Aka rufe makarantu da kasuwanni, aka hana tafiye-tafiye. Sai a ranar 5 ga Mayu, 2023 hukumar ta sanar da cewa an fita daga halin gaggawa.

Fita daga halin gaggawa ba ya nufin cutar ta ƙare. Ƙwayar cutar tana nan tana yawo tsakanin mutane kamar yadda mura take yi, tana canza kama lokaci bayan lokaci. Abin da ya ragu shi ne yawan mace-mace, domin jikin mutane da yawa ya riga ya san ta, ko dai ta hanyar allurar rigakafi ko ta hanyar kamuwa.

YARA MA SUN KAMU

A lokacin annobar an yi ta cewa korona ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi. Gaskiya ne tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini ta fi kashewa. Amma yara suna kamuwa kamar kowa. Bambancin shi ne a jikin yawancinsu takan zo da sauƙi, kamar 'yar mura, wasu ma ba a ganin wata alama ko kaɗan.

Adadin waɗanda aka gwada aka tabbatar sun kamu a Nijeriya bai kai 300,000 ba. Wannan ba shi ne ainihin yawan waɗanda suka kamu ba, domin wuraren gwaji kaɗan ne, kuma yawanci a manyan birane suke. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken jinin mutane a ƙasashen Afirka. Binciken ya nuna cewa kimanin mutum 2 cikin kowane 3 a nahiyar sun riga sun kamu tun kafin ƙarshen 2021. Watau akwai ɗimbin yaran karkara da cutar ta ratsa jikinsu ba tare da kowa ya san sunanta ba.

Ba kuma kowane yaro ne ta zo wa da sauƙi ba. Wani bincike da aka wallafa a farkon 2022 ya duba yara da matasa 469 da aka kwantar saboda korona a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 6, har da Nijeriya da Gana. Daga cikinsu 39 sun rasu. Jarirai 'yan ƙasa da shekara guda da yaran da ke da wani ciwo tun da farko su ne suka fi shiga haɗari.

MECE CE DOGUWAR KORONA?

Doguwar korona ita ce sunan da ake kiran rashin lafiyar da ta ƙi tafiya bayan ainihin ciwon ya wuce. A watan Fabrairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin yadda ake gane ta a jikin yara da matasa. Abubuwa uku ake dubawa.

Na farko, yaron ya taɓa kamuwa da korona, ko dai an gwada an gani, ko kuwa akwai dalili mai ƙarfi na zaton haka, kamar a ce ciwon ya zagaya gidan.

Na biyu, alamomin sun fara ne a cikin wata 3 daga lokacin da ya kamu, kuma sun ɗauki aƙalla wata 2 ba su rabu da shi ba.

Na uku, alamomin suna hana shi harkokinsa na yau da kullum, kamar cin abinci, wasa, karatu, ko cuɗanya da 'yan'uwa da abokai.

Alamomin kan zo su lafa, su sake dawowa. Yau yaro ya tashi garau, jibi ya kasa ɗaga kai. Wannan ne ke sa wasu iyaye su ɗauka ƙarya yake yi. Haka ciwon yake, ba ƙarya ba ce.

Ya kamata a sani kuma, doguwar korona ba ta yaɗuwa. Yaron da ke fama da ita ba zai shafa wa kowa ba. Babu dalilin ware masa kwano ko hana shi zama cikin 'yan'uwansa.

ALAMOMIN DA AKE GANI

Alamomin sukan bambanta gwargwadon shekarun yaro. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan yara da matasa sama da 5,000, wanda aka wallafa a watan Agusta na 2024, ya nuna haka.

A wajen yara 'yan shekara 6 zuwa 11, an fi ganin mantuwa da rashin tattara hankali wuri guda, ciwon kai, ciwon ciki, ciwon baya ko wuya, da rashin barci.

A wajen matasa 'yan shekara 12 zuwa 17, an fi ganin kasala da rana, ciwon jiki da gaɓoɓi, gajiya bayan 'yar tafiya kaɗan, da ɗaukewar jin ƙanshi ko ɗanɗano.

Ƙananan yara da ba su iya faɗin abin da ke damunsu ba, a jikinsu ake karantawa: ƙin cin abinci, rashin barci, tari da toshewar hanci da suka ƙi ƙarewa, da rashin kuzarin wasa.

Akwai alamomi uku da suka cancanci ƙarin bayani, domin su ne aka fi yi wa mummunar fahimta.

Ta farko ita ce gajiyar da ke biyo bayan aiki. Gajiyar da aka sani, in an kwana an huta sai ta wuce. Wannan kuwa ba haka take ba. Yarinya za ta je rijiya ta ɗebo ruwa sau biyu, a lokacin ba ta ji komai ba, amma washegari ko jibi sai jikinta ya mutu, ta kwanta kwana biyu ko uku. Aikin ƙwaƙwalwa ma, kamar zaman jarrabawa, yakan jawo hakan.

Ta biyu ita ce jiri da bugun zuciya in an miƙe tsaye. Jijiyoyin da ke daidaita gudun jini ne suka rikice. Da zarar yaro ya tashi, sai jini ya taru a ƙafafu, zuciya ta shiga bugu da sauri don ta kai shi ga kai. Sai ya ga duhu-duhu, wani lokaci har ya faɗi. In ya kwanta sai abin ya lafa. An fi ganin wannan a jikin 'yan mata masu tasowa, kuma shi ne ake yawan dangantawa da iskoki.

Ta uku ita ce rikicewar ƙanshi. Ƙwayar cutar takan lalata wasu ƙananan sassa da ke can saman hanci. Da farko yaro ba ya jin ƙanshin komai. In sassan suka fara farfaɗowa, sai ƙanshi ya riƙa zuwa a karkace: miya mai daɗi ta zame masa kamar ruɓaɓɓen abu, nama ko albasa su riƙa tayar masa da zuciya. Irin wannan yaro ba tsirfa yake yi ba. In ba a lura ba sai ya rame. Haka kuma ba zai ji warin hayaƙi ko na abincin da ya lalace ba, don haka sai an sa masa ido.

YARA NAWA NE ABIN KE SHAFA?

Labari mai daɗi shi ne yawancin yara suna warkewa sarai. Masana a Kwalejin King's da ke Landan sun bi diddigin yara 1,734 'yan shekara 5 zuwa 17 da suka kamu, suka wallafa sakamakon a watan Agusta na 2021. Rabin yaran sun warware a cikin kwana 6. Kimanin 4 cikin 100 ne ciwon ya kai musu mako 4, kuma waɗanda ya kai wa mako 8 ba su cika 2 cikin 100 ba.

Wani binciken da aka yi a Ingila a kan matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 ya sami adadi mafi yawa. A watan Satumba na 2021 masu binciken suka ce abin zai iya kaiwa matashi 1 cikin 7, bayan mako 15 da kamuwa. A Amurka kuwa, ƙididdigar da hukuma ta yi a 2022 ta nuna cewa yaro 1 da ɗan ɗori cikin 100 ne ya taɓa fama da doguwar korona. Ƙididdigar ta nuna matasa sun fi ƙananan yara, 'yan mata kuma sun fi maza.

Dalilin bambancin waɗannan alƙaluma shi ne kowane bincike da irin tambayoyinsa da irin yaran da ya duba. Amma duk sun haɗu a kan abu guda: kaɗan ne daga cikin yara, sai dai da yake waɗanda suka kamu suna da ɗimbin yawa, wannan kaɗan ɗin ma jama'a ne masu yawa.

ME KE KAWO TA?

Ƙwayar korona ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Ƙofar da take bi ta shiga cikin tsokar jiki akwai irinta a hanci, da hanji, da zuciya, da ƙoda, da bangon hanyoyin jini. Shi ya sa ɓarnarta kan bayyana a wurare daban-daban.

Masana suna bin sawun hanyoyi huɗu. Ɗaya, ɓurɓushin ƙwayar cutar kan maƙale a wasu sassa, musamman hanji, har tsawon watanni. Biyu, garkuwar jiki, watau sojojin da ke yaƙar cuta, sukan ƙi komawa bariki bayan an gama yaƙi, su ci gaba da faɗa har su riƙa taɓa lafiyayyun sassa. Uku, ƙananan hanyoyin jini sukan kumbura, jini ya kasa isa ko'ina yadda ya kamata. Huɗu, wasu tsofaffin ƙwayoyin cuta da suka daɗe suna barci a jiki sukan farka in jiki ya yi rauni.

Abin lura shi ne ba sai ciwon farko ya yi tsanani ba. Yara da yawa masu doguwar korona ba a taɓa kwantar da su a asibiti ba. 'Yar mura suka yi ta kwana uku.

KUMBURIN DA BA YA JIRA

Doguwar korona tana wahalarwa, amma a hankali take tafiya. Akwai wani ciwo na dabam da kan biyo bayan korona wanda shi ba ya ba da lokaci. Likitoci a Landan ne suka fara ankarar da duniya game da shi a watan Afrilu na 2020. A takardun asibiti ana rubuta shi MIS-C. Kumburi ne da ke kama sassan jiki da yawa a lokaci guda, har da zuciya. Yakan zo mako 2 zuwa 6 bayan yaro ya kamu, sau da yawa bayan an manta ma ya yi mura. Ya fi kama yara 'yan makarantar firamare.

Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi da ya kai kwana 3, tare da wasu daga cikin waɗannan:

1. Ciwon ciki mai tsanani, amai ko gudawa.
2. Jan ido ba tare da kwantsa ba.
3. Ƙuraje ko jan fata.
4. Jan leɓe da tsagewarsa, da jan harshe.
5. Kumburin hannu da ƙafa.
6. Mutuwar jiki, yawan barci, ko ruɗewa.
7. Sanyin hannu da ƙafa alhali jiki da zafi.

Wannan ciwo ba kasafai ake samunsa ba, kuma ya ƙara raguwa tun daga 2022, bayan ɓullar nau'in korona da ake kira Omikron. A Amurka an ƙirga yara sama da 9,000 da suka kamu da shi, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Dalilin tsirar sauran shi ne an kai su asibiti da wuri, an ba su magungunan kwantar da kumburi ta jijiya. Ba ciwon da za a yi jinya a gida ba ne, ba kuma na kemis ba ne. Wasu alamomin nasa sun yi kama da na ƙyanda, ko taifot, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ba aikin iyaye ba ne su tantance wanne ne. Kowanne daga ciki ya kasance, babban asibiti ne wurinsa, kuma a ranar.

Yaron da tsokar zuciyarsa ta kumbura, likitoci kan hana shi ƙwallo da guje-guje da aiki mai nauyi na wata 3 zuwa 6, sai an sake duba shi. Yawancinsu zuciyar takan koma daidai.

A LURA DA CIWON SUKARI

A watan Janairu na 2022 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa an fi samun sabon ciwon sukari a jikin yaran da suka yi korona fiye da waɗanda ba su yi ba. Ko mene ne sanadin, alamomin ciwon sukari a jikin yaro abin sani ne ga kowane gida: yawan ƙishirwa, yawan fitsari, komawa fitsarin kwance bayan ya daina, da rama alhali yana cin abinci. Gwajinsa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa. Jinkiri kuwa yana iya kai yaro ga suma.

KADA A ƊORA WA KORONA LAIFIN WANI

Babu wani gwajin jini guda da ke nuna doguwar korona. Likita yana gane ta ne bayan ya saurari labarin ciwon, ya kuma tabbatar ba wani abu ne ke damun yaron ba. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a karkara, domin akwai cututtuka da dama masu kawo kasala da rama, waɗanda kuma suke da magani a kusa.

Zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa yana shanye jini. Tsutsar ciki da tsargiya ma haka. Ƙarancin jini yana sa haki da jiri da bugun zuciya, musamman ga 'yan matan da suka fara al'ada. Akwai amosanin jini, watau sikila, akwai tamowa, akwai asma. Tarin da ya wuce mako 2, tare da zufar dare da rama, tilas a gwada shi don tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka.

Damuwa ma tana da nata rabon. A binciken nan na matasan Ingila, fiye da rabin waɗanda gwaji ya nuna ba su kamu ba su ma sun yi kukan wata alama, kamar gajiya ko ciwon kai. Zaman kulle da rufe makarantu da rashin dangi sun taɓa yara da yawa. Saboda haka hanya mafi kyau ita ce a kai yaro a duba shi, a bar ma'aikacin lafiya ya yanke hukunci.

Zai taimaka ƙwarai in an je da bayani a tsare: yaushe ciwon ya fara, ko wani ya yi mura ko tari a gidan kafin nan, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, kwana nawa yaron ya yi bai je makaranta ba. A sami ɗan littafi a riƙa rubutawa kullum, ko a sa wani ya rubuta.

YADDA ZA A KULA DA YARO A GIDA

Har yanzu babu ƙwaya ko allura guda da ke warkar da doguwar korona. Duk mai tallar magani a kasuwa ko a mota da ya ce yana da shi, kuɗin mutane yake so. Kafso da alluran kashe ƙwayoyin cuta ba sa yi mata komai. Abin da likitoci ke yi shi ne su rage wa yaro wahalar kowace alama, jiki kuma ya gyara kansa a hankali. Ga abin da ya rataya a wuyan iyaye:

1. A yarda da yaro. In ya ce ya gaji, ya gaji. Tsawa da gori suna ƙara masa ciwo.

2. A auna masa aiki. Ƙarfinsa kamar hatsin rumbu ne a shekarar da damina ba ta yi kyau ba: in an ɗiba da yawa yau, gobe babu. A raba aiki ƙanana-ƙanana, a sa hutu a tsakani, ya tsaya tun kafin ya gaji. Ranar da ya tashi da ƙarfi kada a ce ya rama aikin jiya. In ya yi mako guda ko biyu ba tare da ciwon ya tashi ba, sai a ƙara kaɗan.

3. A ɗauke masa aiki mai nauyi, kamar ɗaukar ruwa daga nesa, daka, faskare, kiwo cikin rana da tallar yini.

4. A ba shi ruwa mai tsabta isasshe. Mai jiri ya riƙa tashi a hankali: ya zauna tukuna, sannan ya miƙe. Kada ya daɗe a tsaye cikin rana, kada kuma ya je bakin rijiya ko rafi ko wuta shi kaɗai.

5. A gyara masa abinci da abin da ke akwai: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale, alayyafo da 'ya'yan itace. Wanda ƙanshi ke damunsa a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Abinci mai sanyi da marar yaji, kamar fura da nono ko kunun da ya huce, ya fi shiga.

6. A koya wa hanci aikinsa. A sami abubuwa huɗu masu ƙanshi da yaron ya sani, kamar kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta da turare. Ya shinshina kowanne na ɗan lokaci, safe da yamma, yana tuna yadda ƙanshin yake a da. Ana ɗaukar watanni ana yi kafin a ga amfani.

7. A tsara masa barci. Lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, a raba shi da waya da dare.

8. Don ciwon kai ko na jiki, farasitamol ya isa, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Kada a ba yaro asfirin sai da umarnin likita.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, suma, farfaɗiya, leɓe ya canza launi, kasa shan ruwa, ko yaro ya fara maganar ya gaji da rayuwa.

RABON MALAMAI

Sau da yawa malami ne ke fara lura, domin shi ke ganin yaro mai ƙoƙari ya koma baya. Wannan ya shafi malamin boko da na allo da na Islamiyya baki ɗaya. Almajirin da iyayensa ke nesa, malaminsa ne uwa da uba, shi zai lura, shi zai kai shi asibiti.

Abin da ake bukata daga malami ba mai tsada ba ne. A bar yaro ya riƙa zuwa rabin yini har ya ƙara ƙarfi. A ɗauke masa shara da tsayuwar taron safe da wasan guje-guje. A rage masa aikin gida da yawan hadda, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. A hana sauran yara yi masa dariya. Cire yaro daga makaranta gaba ɗaya kuskure ne, musamman 'ya mace, domin ciwon zai wuce, amma karatun da aka yanke da wuya ya ɗoru.

ANA WARKEWA?

Ana warkewa. Masu binciken nan na Ingila sun ci gaba da bin matasan har shekara 2. A ƙarshen 2024 suka ba da rahoton cewa kimanin 7 cikin 10 na waɗanda ke da doguwar korona a wata na 3 sun rabu da ita kafin cikar shekara 2. Sauran 3 ɗin suna bukatar a ci gaba da kula da su, a kuma riƙa komawa asibiti lokaci-lokaci. Sauƙin yakan zo da hawa da sauka. Komawar ciwo na 'yan kwanaki ba ya nufin an koma farko.

RIGAKAFI

Yaron da bai kamu ba, ba zai yi doguwar korona ba, kuma kamuwa a karo na biyu tana iya jawo ta ko da ta farko ta wuce lafiya. Hanyoyin kariya su ne waɗanda aka sani. Ƙwayar cutar a iska take tafiya, don haka a buɗe tagogi a ɗakuna da azuzuwa. Mai mura da zazzaɓi ya zauna a gida har ya ji sauƙi, ya rufe baki da hanci in zai yi tari ko atishawa, ya nisanci jarirai da tsofaffi. A riƙa wanke hannu da sabulu. Yaron da ya tashi daga ciwo a bar shi ya huta sosai kafin a mayar da shi gona.

Allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, kuma manya aka fi yi wa. A ƙasashen da aka yi wa matasa, an ga ta rage haɗarin kumburin nan mai tsanani ƙwarai. Iyayen yaron da ke da sikila, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko asma su nemi shawarar likita game da ita. Sauran alluran yara kuma, na ƙyanda da shan-inna da sanƙarau da tarin fuka, kada a bari ko ɗaya ta wuce, domin jikin da wata cuta ta raunana shi ne kowace cuta ke samun sauƙin kayarwa.

Ciwon ɗa ciwon uwa ne. Yaron da aka san shi da kuzari, in ya canza bayan rashin lafiya, akwai dalili. A tambaye shi, a saurare shi, a kai shi a duba. Wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabcinsa.